Baba Mai Kujerar Hagu

Ran da Baba ya rasu, tun kafin a gama yi masa sutura ƙofar gidanmu ta cika, mutane har cikin gonar maƙwabta da aka girbe. Mu mata muna ciki, sai dai mu ji salati yana shigowa ta zaure, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka: daga Allah muke, gare shi za mu koma. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kowa da irin mamacin da ya zo yi wa kuka, kamar ba mutum ɗaya aka rasa ba.

Tsofaffin gari cewa suke an yi rashin manomi, mutumin da layin shukarsa ke miƙewa kamar an ja shi da zare. Direbobin tashar Minjibir sun bar layi sun zo da motocinsu, suna ta tuna wa juna yadda ba ya shiga motar haya sai ya zagaya ta ya duba tayoyi, ya kuma tambayi direba ko ya samu barci. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ta shigo tana dogara sanda, ta zauna dirshan a gaban Hajiya, uwar mijina, ta ce, "Shi ya kai ni Makka, Hajiya. Ina zaune a cikin jirgi jikina yana ɓari, sai na ji muryarsa ta fito daga rufi yana yi mana sallama. Na miƙe na ce wa jama'a, ku kwantar da hankalinku, ɗan garinmu ne." Babu wanda bai san labarin nan ba, ta sha ba da shi a gidan biki da gidan suna, amma ranar sai da ya sa mu dariya cikin hawaye.

Hajiya ba ta yi kuka mai sauti ba. Duk wadda ta ce mata ya haƙuri, sai ta ce, "Alhamdu lillahi. A shirye ya tafi." Baffa kuwa, yayan Baba, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, ya ƙi zama a tabarmar karɓar gaisuwa. Ya ja kujera ya zauna a gindin dalbejiya kusa da tsohuwar motar ƙaninsa, masu gaisuwa suka dinga bin sa can.

Ni surukarsa ce, matar babban ɗansa, malamar firamare. Ban taɓa furta sunansa ba, kuma ba zan fara a takarda ba. Abin da ya zaunar da ni rubutun nan, na lura ƙananan jikokinsa hotonsa kawai za su tashi su gani a bangon falo, da farar riga da hular kyaftin, su ɗauka shi ke nan mutumin. Hoton bai yi ƙarya ba, amma kaɗan ya faɗa.

Ranar sadakar uku wata baƙuwa ta shigo mana, doguwa, da mayafi ruwan toka, babu wadda ta san ta. Ta durƙusa ta yi wa Hajiya gaisuwa, ta ce ita matuƙiyar jirgin sama ce, 'yar cikin birni, kuma a gefen Baba ta yi aiki lokacin tana sabuwa. Matan ɗakin suka gyara zama suna kallonta daga sama har ƙasa. Hajiya ta sa aka kawo mata ruwa da fura, sannan ta ce, "Dokokin jirgi kam mun sha su a gidan nan, amma labarin kansa ba ya bayarwa. Ki ba mu ko ɗaya ne."

Baƙuwar ta ajiye kofi.

"Kujeru biyu ne a ɗakin tuƙi, Hajiya. Kyaftin a hagu, mataimaki a dama. Kafin a tashi sai an raba aiki. Ɗaya ya tuƙa, idonsa a kan titi, ɗaya ya sa ido a kan agogunan da ke gabansu yana faɗin abin da ya gani. Ran da zan fara tashi da shi gabana faɗuwa yake, don wanda na yi aiki da shi kafin nan, in ka buɗe baki sai ya tambaye ka yaushe aka haife ka. Ina zama sai Kyaftin ya juyo ya ce, 'Yau ni zan tuƙa, ke ce idona. In kin ga abin da bai yi miki ba, ki faɗa da ƙarfi. Kada ki tsaya gaishe ni tukuna.'"

Hajiya ta yi murmushi. "Shi ne," ta ce.

Baƙuwar ta ce jirgin ya kwana biyu a ajiye a wani filin jirgi a kudu. Ranar sun makara, hadari yana haɗowa, fasinja sun gaji da jira. Akwai wani kati da ake bi kafin tashi, ɗaya ya karanta abu, ɗaya ya duba shi ya amsa, har a ƙare. Sun kai tsakiya sai hasumiyar da ke ba jirage umarni ta kira su ta canza musu titin da za su tashi. Da suka gama da hasumiya, sai baƙuwar ta ɗora karatu daga inda ta tsaya. Baba ya ce a'a, daga farko. Ta ce masa ai ta danne wurin da yatsa. Ya ce ya yarda da yatsanta, amma daga farko.

"Muka hau titi," ta ce, "ya tura injuna, jirgi ya ɗauki gudu. Akwai ma'aunin gudu a gabana, akwai a gabansa, kuma dole su faɗi abu ɗaya. Na duba nawa, na saci kallon nasa, sai na ga nasa yana baya. Hajiya, a ɗan lokacin nan babu abin da zuciyata ba ta raya mini ba. Ƙila idona ne. Ƙila zai kamo. In na sa aka tsayar da jirgi cike da mutane a banza, wa zai sake yarda da ni? Sai kawai na ji bakina ya ce, 'Gudu bai zo ɗaya ba!' Ban rufe baki ba ya ce, 'Mun tsaya.' Ya janye injuna, birki ya kama, kowa ya yi gaba a kujerarsa. Bai tambaye ni ko na tabbata ba. Bai ma kalle ni ba sai da jirgin ya tsaya cak."

Da suka koma aka fara sauke mutane, wani babban mutum ya tare ƙofa yana faɗa, wai ya ji an ce yarinyar nan ce ta tsorata ta ɓata masa taro. Baba ya fito ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na tsayar da jirgin. In akwai faɗa, ni za a yi wa." A lokacin babu wanda ya san ko da gaske akwai matsala. Sai daga baya makanikai suka gano zanzaro ne ya gina ɗakinsa na laka a cikin wani ɗan bututu da ke gefen hancin jirgi, wanda da iskar da yake shaƙa ma'aunin Baba ke sanin gudu.

"Da mun shiga hadarin nan a haka, da ba mu san wane agogo ke faɗa mana gaskiya ba," ta ce. "Da aka kawo wa Kyaftin lakar, ya murtsuke ta a tafin hannu yana dariya, ya ce irin wannan maginin ya cika ɗakin kakarsa. Sannan ya tara ma'aikatan jirgin duka ya ce, 'Ita ta gani. Ni ban gani ba.' Lokacin da ake zaton laifi ne, ya ce nasa ne. Da ya zama abin yabo, sai ya miƙo mini."

Matan ɗakin suka dinga cewa Allah sarki. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu, na san irin tsayawar nan. Ni ma an taɓa yi mini ita. Amma bari in fara daga yadda na same shi.

Baba ya bar garin nan yana yaro zuwa makaranta, ya koyi tuƙin jirgi a Zariya, ya yi shekaru yana yawo a sama. Da ya ajiye aiki kowa ya ɗauka a Kano zai zauna. Sai ya tattaro Hajiya suka dawo ƙauye, ya gyara gidan mahaifinsu jikin na Baffa, ya rungumi gonarsa ta gado. A gidan nan aka kawo ni. Mijina a birni yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa, don haka yawancin zamana da su biyun na yi shi.

Mutum ne mai sauƙi, mai son raha, ba ya ɗaga murya. Amma akwai abubuwan da ba ya wasa da su. In za a yi tafiya a motarsa, daga ƙofar gida har a hau kwalta ba a hira. Ya ce a jirgi ma haka ne, daga an fara motsi har a yi nisa a sama babu maganar da ake yi sai ta aiki, don a nan ne ƙaramar shagala ke zama babba. Hajiya ta fi kowa shan wahalar dokar nan, don ita da an rufe ƙofar mota take tuna duk abin da ta manta ba ta faɗa ba. Sai ta cika ta yi fam, muna hawa kwalta ta juye masa su gaba ɗaya. Shi kuwa ya ce, "Yauwa, Hajiya, yanzu ina jin ki." A mahaɗar burjinmu da kwalta sai ya tsaya ya duba ɓangarensa ya ce, "Hagu ba kowa." Wanda ke kujerar gaba dole ya duba nasa ya amsa, "Dama ba kowa." In bai ji amsa ba, motar ba ta motsi.

Ko jariri zai miƙa maka haka ne. Da na haifi 'yata ta fari yakan ɗauke ta da hantsi ya yi ta zagaya tsakar gida da ita. In zai mayar wa Hajiya sai ya ce, "Tana hannunki?" Kuma ba zai saki ba sai ta ce, "Tana hannuna." Hajiya takan ce, "Kai dai Allah ya shirye ka, ni da na goyi biyar." Ya ce, "Abu yana faɗuwa ne lokacin da kowa ya ɗauka ɗayan ne ya riƙe."

Jiragen da ke tashi daga Kano sukan ratsa ta samanmu suna hawa. Wata rana da la'asar muna sussukar gero, ɗaya ya wuce, Hajiya ta tambaye shi wai me mutum yake ji a daidai lokacin da jirgi zai rabu da ƙasa. Ya ɗora hannu a kan gwiwarsa kamar yana riƙe da wani abu. Ya ce akwai wani gudu da ake lissafawa tun kafin a motsa. Kafin a kai shi, hannun kyaftin yana kan abin ba injuna wuta, a shirye ya janye ya tsaya. Da mataimaki ya kira gudun, sai kyaftin ya ɗauke hannunsa gaba ɗaya, don titin da ya rage ba zai isa tsayawa ba. Daga nan ko inji ɗaya ya mutu, tashi ake yi, a gyara a sama. "Ana ɗauke hannun ne don kada zuciya ta yaudare ka," ya ce. Haka yake yi da shuka. Kafin ruwa ya zauna yakan tara masu yi masa aiki a gona ya ce kowa ya kawo ra'ayinsa, a yi ta musu a kan iri da lokaci. Amma da iri ya shiga ƙasa an rufe zance. Ban taɓa jin ya ce da mun sani ba, ko shekarar da fari ya cinye masa gyaɗa.

Ni dai kunyarsa nake ji kamar in nitse. In na ji takunsa sai in shige ɗaki. Wata Juma'a ina amarya, ya fito zai tafi masallaci, na hango babbar rigarsa ta yage ta baya, ƙusa ta kama ta. Na kasa buɗe baki. Na aiki 'yar maƙwabta ta je ta faɗa wa Hajiya a kicin, don Hajiya ta faɗa masa. Kafin saƙon ya zagayo ya fice. Da ya dawo Hajiya ta ba shi labari tana dariya. Ya zo ya tsaya a bayan labulena, bai shigo ba, ya yi sallama.

"An ce ke kika fara gani," ya ce.

Na ce, "E, Baba," a ciki-ciki.

"Kin kyauta da kika aika. Amma a inda na yi aiki, kafin saƙo ya bi ta mutum uku an gama komai. Riga ce yau, ba komai. Kunya abu ce mai kyau, ki riƙe ta. Sai dai in kin ga abin da zai cutar, ki ajiye ta ki faɗa, daga baya kya ɗauki abarki."

Na ce to. Amma a raina na san ba zan iya ba.

Shekaru suka wuce. Wata kaka, dawa ta yi tsayi ba a yanke ba, muka shirya zuwa suna a garin Kunci. Baba ne ke tuƙi, Baffa a gaba, ni da Hajiya a baya, ni a bayan Baba. Baffa bai taɓa yarda da zancen hagu da dama ba, cewa yake wasan yara ne. Muka iso mahaɗa, dawa ta tsaya a gefen hanya kamar katanga. Baba ya tsaya ya duba ya ce, "Hagu ba kowa." Baffa ya kaɗa carbi ya ce, "Mu je mana." Baba ya ce, "Yaya, dama fa?" Baffa ya leƙa da ƙyar ya ce ba kowa. Motar ta fara gangarawa kwalta.

A lokacin na gan ta. Babbar mota ce shaƙe da buhuna, tana tahowa a guje ta hagu, ta ɓangaren da Baba ya ce ba kowa. Ban san lokacin da murya ta fita daga bakina ba.

"Tsaya!"

Ban ce Baba ba, ban ce don Allah ba. Ya taka birki nan take, kan Baffa ya kusa bugun gilashi. Motar ta wuce ta gabanmu da hon, iskarta ta girgiza tamu. Hajiya tana ta salati. Ni kuwa na rufe fuska da mayafi, ba don tsoron motar ba, don abin da bakina ya aikata.

Baba ya koma da baya ya kashe mota. Ya daɗe hannunsa a kan sitiyari. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Na gode. Haka ake yi."

Baffa ne ya fara dawowa hayyacinsa, kuma da faɗa ya dawo. "Haka ake yi? Suruka ta daka maka tsawa kamar tana korar akuya daga rumbu, ka ce haka ake yi? Ba ta da bakin cewa Baba a yi hankali?"

"Kafin ta gama faɗin haka, Yaya, da yanzu ana tattara mu."

"Rai a hannun Allah yake."

"Haka ne. Kuma yau ta bakinta ya tsare shi."

"Kai ka lalata gidan nan da tarbiyyar jirgi," in ji Baffa. "Yaro ya gyara wa babba, mace ta gyara wa namiji. Ba haka aka haife mu ba."

Ba mu je sunan ba, Baba ya juya da mu gida a hankali. Su biyun nan, tun da Baba ya dawo ƙauye a kwano ɗaya suke cin tuwo a zaure. Daga ranar Baffa ya daina zuwa. Kwanon ya dinga dawowa da rabi, ni kuma na dinga jin kamar ni na raba 'yan'uwa. Na je na durƙusa wa Hajiya na ce ko in je in ba Baffa haƙuri. Baba ya ji daga ɗakinsa, ya ce, "Kada ki je. In kin ba da haƙuri yau, gobe in kin gani za ki yi shiru."

Abin da ke damunsa daban ne, mu ba mu sani ba. Da mijina ya zo ƙarshen mako, Baba ya sa ya kai shi asibitin ido a Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ganinsa ta gefe a ɓoye, abin da ke gabansa yana gani sarai, na gefe kuwa ya fara tafiya. Aka ba shi magani na ɗigawa. Likitan bai ma kai ga zancen tuƙi ba, Baba ya riga shi. Da suka dawo ya zaro makullin motar daga aljihu ya rataye a ƙusa a falo, bai sake zama a kujerar hagu ba har ya bar duniya. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tuƙi. Na zaci zai shiga damuwa. Sai na ji shi yana ce wa mijina, "Na yi sa'a. Wasu sai sun kashe mutum suke sani."

Ranar da yamma ya taka da kansa gidan Baffa. Mijina ya raka shi, shi ya ba ni labari. Ya ce Baba ya zauna a ƙasa a gaban yayansa ya ce, "Yaya, motar nan ban gan ta ba. Na duba, kuma ban gan ta ba. Idona ne." Baffa ya ja carbi, ya ce, "Tun yaushe?" Baba ya ce bai sani ba. Baffa ya ce, "Allah ya sawwaƙe," ya tashi ya shiga gida. Da magariba sai ga Baffa a zaurenmu ya wanke hannu. Washegari aka shigo mini da zabi biyu ɗaure da ƙafa, aka ce in ji Baffa. Babu wani saƙo bayan haka, kuma har yau bai taɓa tayar mini da zancen ba.

Makullin bai daɗe a ƙusa ba. Hajiya tana da ciwon ƙafa da ake kai ta asibitin Minjibir, mijina ba ya nan sai ƙarshen mako. Da aka gama girbi gonaki suka zama fili, Baba ya aiko Hajiya ta ce mini in sa hijabi in fito. Na same shi a kujerar dama, ƙofar hagu a buɗe.

Na ce, "Baba, ni?"

Ya ce, "Na yi magana da mijinki. Idonki na riga na gwada shi. Sauran koyo ne."

A gonarsa na koyi tuƙi, Hajiya a baya tana rakiya tana addu'a. Na kashe motar ba adadi, na hau kututturen dawa, na kori garken tumakin mutane. Bai taɓa yi mini tsawa ba, amma kuma bai taɓa barin kuskure ya wuce ba. In mun tsaya sai ya ce, "To, me kika gani?" Sai na faɗi nawa, sannan ya ƙara abin da na tsallake, ɗaya bayan ɗaya, har da madubin da ban duba ba. In na yi daidai ba ya zuzutawa, sai ya ce, "Haka ne." Garin ya yi ta magana, wai surukar Kyaftin ta zama direba. Da aka kai wa Baffa gulmar, cewa ya yi, "Motarku ce?" Maganar ta mutu. Baba bai bar ni na hau kwalta da kowa ba sai da na je na yi gwaji na karɓi lasisi.

Shekarunsa na ƙarshe masu daɗi ne. Yana zuwa gona da sanda, yana zama da Baffa, jikoki suna hawa kansa. Ganinsa ya ƙara raguwa amma bai tafi duka ba. Ciwon da ya ɗauke shi bai ja lokaci ba. Wata safiya bayan an ɗaure gero ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, numfashi yana yi masa wuya. Na kira mijina ya ce mu haɗu a asibiti a Kano. Aka kwantar da kujerar dama aka sa Baba, Hajiya ta zauna a bayansa tana riƙe da kafaɗarsa.

Ban taɓa tuƙi irin na ranar ba. Idona yana kawo ruwa ina sharewa da hijabi. Hanyar ta lalace bayan damina, na dinga faɗa wa ramuka, wani har sai da motar ta yi tsalle Hajiya ta yi ƙara. Duk ramin da na faɗa sai in saci kallonsa. Idonsa a lumshe, leɓɓansa suna motsi da zikiri, bai ce komai ba.

Da muka isa aka ɗora shi a gado mai taya. Wata nas tana gwada shi tana yi masa 'yan tambayoyi don ta ji ko yana cikin hankalinsa. Ta tambaye shi sunansa, ya faɗa. Ta ce, "Baba, wa ya kawo ka?"

Ya buɗe ido ya neme ni, sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya same ni.

"'Yata ce ta tuƙo ni," ya ce. "Tun daga gida, ko rami ɗaya ba ta taɓa ba."

Hajiya ta kalle ni, na kalle ta. A duk zamana da shi, ranar ce kaɗai na ga ya bar kuskure ya wuce. Aka tura shi ciki. Mijina ya iso ya same shi da rai, ya riƙe hannunsa, kafin azahar ya cika da kalmar shahada.

Allah, ga bawanka nan ya zo gare ka. Ya ɗauki amanar rayukan bayinka shekara da shekaru ya sauke su lafiya, kai ma ka karɓe shi lafiya. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata masa makwanci, ka ba Hajiya da Baffa haƙurin zama bayansa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.